Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Tsangayar Nazarin Shari'a Daga Ɗaliban Ajin Yamma

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, muna fatan Malam yana lafiya tare da sauran malamanmu da dukkan ma'aikatan tsangaya. Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri bisa ilimin da ake ba mu.

Na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin ɗaliban ajin yamma, wato mu da muke zuwa karatun shari'a bayan mun tashi daga aiki. A cikinmu akwai malaman makaranta, ma'aikatan jinya, akawun kotu, 'yan sanda, ma'aikatan banki, da masu gudanar da sana'ar kansu. Ni kaina a sashen lissafin kuɗi na wani kamfani nake. Yawancinmu magidanta ne da matan aure, wasu kuma su ke ɗauke da nauyin iyayensu. Mun zauna mun tattauna, aka ɗora mini nauyin rubutawa, kuma sai da aka karanta wa 'yan aji abin da ke ciki suka amince kafin a fitar. Mun kawo maganar fili ne domin takardun da muka aika ta hannun wakilin aji har yanzu ba su samu amsa ba, ga shi lokacin rajistar sabon zango yana ta matsowa.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne sanarwar da tsangaya ta fitar mai ɗauke da hukunci biyu. Na ɗaya, daga zango mai zuwa za a haɗa jarrabawarmu da ta ɗaliban rana, a riƙa yin ta da safe a ranakun aiki. Na biyu, darasin koyon aiki a aikace, wanda ake yi a ɗakin taimakon shari'a na tsangaya, ya zama wajibi ga kowa kafin ya kammala, kuma da hantsi za a riƙa yin sa kowane mako har zango ya ƙare. An ce dalili shi ne ƙarancin masu sa ido da kuma son a auna kowa da ma'auni ɗaya. Ba a tuntuɓi ko ɗaya daga cikinmu ba kafin a yanke.

Ranka ya daɗe, ka ba ni dama in fara da lissafin lokaci, domin a kansa duk kokenmu ya rataya. Ƙungiyar lauyoyin Amurka, wadda ke tantance makarantun shari'a a can, tana da ma'aunin da ya yi daidai da abin da malamanmu ke faɗa mana a aji: kowace awa ɗaya ta lacca tana buƙatar aƙalla awa biyu na nazari a wajen aji. Ke nan ɗalibin da ke zaman aji awa 10 a mako, awa 30 karatu ke ci masa. A ɗora awa 40 na aiki, ya zama 70. Mako kuwa gaba ɗayansa awa 168 ne. In mutum ya samu barcin awa 7 kowane dare, 49 sun tafi. Saura 49, kuma a cikinsu zai yi kai da kawowa tsakanin gida da ofis da makaranta, ya yi ibada, ya ci abinci, ya duba aikin makarantar yara, ya kai mara lafiya asibiti, ya je gaisuwar rasuwa. Wanda ya san karatun shari'a ya san awa biyun nan ma a takarda ne kawai. Hukunci guda na babbar kotu, mai ɗauke da ra'ayin alƙalai da yawa har da na wanda ya saɓa wa sauran, yana iya cinye dare sukutum kafin ka ciro ainihin dalilin da aka gina hukuncin a kansa. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna masu aikin awa 55 ko fiye a mako sun fi masu aikin awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100. A kan aiki aka yi binciken, amma mu da ke haɗa awa 70 tsakanin tebur biyu mun san abin da jikinmu ke gaya mana.

Mun shiga wannan hali da idonmu biyu, ba wanda ya tilasta mu. Abin da ya sa tafiyar ke yiwuwa shi ne sanin cewa rana ta mai biyan albashi ce, yamma da ƙarshen mako kuma na makaranta. A kan wannan alkawari muka nemi gurbi, a kansa muka biya kuɗin makaranta, a kansa muka roƙi iyalanmu su yi haƙuri da mu na shekaru. Ba mu da wani lokacin ajiya da za mu ciro idan makaranta ta tsallako cikin rana.

Batun jarrabawa da safe, ga abin da zai jawo. Hanya ɗaya da ma'aikaci zai bar ofis da safe ita ce ya ci daga hutunsa na shekara. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1970 kan hutun shekara ta tsayar da mafi ƙarancinsa a mako uku na aiki, kuma ba kowace ƙasa ce ta rattaba mata hannu ba. Da yawa a cikinmu ba su kai ko wannan ba. Idan kowace takarda za ta ci yini guda, zango biyu a shekara, sai hutun ya ƙare a ɗakin jarrabawa, ba a bar ko kwana ɗaya na bita ba, balle na jinya ko haihuwa. Wannan ma ga wanda aka yarda ya ɗauki hutun ke nan. Malamin makaranta ba ya samun izini a makon da ɗalibansa ke nasu jarrabawar, kuma sau da yawa lokutan kan zo tare. Ma'aikaciyar jinya tun kafin wata ya kama ake fitar da jadawalin aikinta. Akawun kotu ba ya tashi alhali alƙali na zaune. Mu a sashen kuɗi ba mai motsawa a ƙarshen wata sai an rufe lissafi an biya albashi, kuma na san idan takardar dokar shaida ta faɗo a waɗannan kwanaki, zaɓi tsakanin aikina da takardar za a ba ni. Sabon ma'aikacin da ke cikin watannin gwaji ba shi da hutu sam. Mai sana'ar kansa kuwa, duk safiyar da ya rufe, aljihunsa ne ya biya.

Wanda bai zauna jarrabawa ba sai ya maimaita darasin, kuma darussan shari'a a jere suke, wani ba ya ɗaukuwa sai an ci wanda ke gabansa. Takarda ɗaya tana iya ƙara wa mutum shekara. Ga kuma wa'adin da kowace makaranta ke gindayawa na kammala digiri. A Amurka, inda karatun yamma kan ɗauki shekara 4 maimakon 3, ƙa'ida ita ce a gama cikin wata 84. Tamu tsangayar ma tana da nata wa'adin. Ɗalibin da aka tura maimaici saboda jadawali, ba don ya kasa amsa tambaya ba, yana iya wayar gari wa'adinsa ya cika.

Darasin koyon aiki a aikace shi ne ya fi damunmu, domin mun fi kowa son sa. Karanta hukunce-hukunce ba ya koya wa mutum yadda zai zauna da matar da aka kora daga gidan haya, ya saurare ta cikin natsuwa, ya tsamo abin da doka ke buƙata daga cikin labarin da take bayarwa tana kuka, ya kuma gaya mata gaskiya idan ƙararta ba ta da ƙarfi. Wannan sai a gaban malami mai gyara. Mun yi murna da aka ce ya zama wajibi. Sai dai hantsi guda kowane mako har tsawon zango, babu shugaban wurin aikin da zai sa hannu a kansa. Ga ma'aikaci, wannan daidai yake da a ce masa ya ajiye aiki, kuma aikin ne ke biyan kuɗin makarantar.

Mun san kotu da rana take zama, ba mu ce a sauya wannan ba. Amma a duba abin da ake yi a ɗakin taimakon shari'a: ganawa da mai koke, ɗaukar bayaninsa, binciken doka, rubuta wasiƙar gargaɗi, tsara takardar rantsuwa, duba yarjejeniyar haya ko ta aiki, zaman sulhu tsakanin ɓangarori. Kusan duk waɗannan suna yiwuwa bayan an tashi daga aiki. Hasali ma mutanen da aka buɗe ɗakin dominsu, lebura da mai gadi da mai aikatau da direba, su ma da rana suna wurin neman abinci. Wanda aka riƙe wa albashi ba zai ƙara asarar yini guda don ya zo neman shawara ba. Buɗe ɗakin da yamma zai kawo masu koken da yanzu ba sa iya zuwa. Ɓangaren halartar kotu kaɗai ne ke buƙatar rana, kuma ana iya tattara shi cikin 'yan kwanaki a jere, a sanar da su tun farkon shekara, kowa ya tanadi hutunsa.

Akwai kuma waɗanda aikinsu na yau da kullum shi kansa aikin shari'a ne. Ɗan ajinmu da ke rajistar kotu shi ke karɓar takardun ƙara, ya san wadda za a mayar da dalilin mayar da ita. Wata tana sashen kula da ma'aikata, kullum tana cikin yarjejeniyar ɗaukar aiki da ta sallama. A Ingila da Wales, tsarin zama lauya da aka fara a 2021 ya buƙaci shekara 2 na gogewa a aikin shari'a, ya kuma yarda a tara su a wurare har huɗu, ciki har da aikin da mutum ke yi a ƙarƙashin lauya, muddin lauya ya tabbatar da shi. Ba mu ce a kwafo tsarinsu ba. Misalin ya nuna dai ana iya auna gogewar wurin aiki a ba ta daraja ba tare da an zubar da ma'auni ba.

Tunda mun samu kunnenka, Ranka ya daɗe, akwai tsofaffin matsalolin da muka daɗe muna haɗiyewa. Babbarsu ita ce ɗage lacca ba sanarwa. Da yawa daga cikin malamanmu lauyoyi ne masu zuwa kotu, mun san shari'a kan ja su har dare, kuma darasinsu ya fi armashi saboda wannan gogewa. Matsalar ita ce yadda ake biyan bashin laccar. Wata 'yar ajinmu, ma'aikaciyar jinya, ta roƙi abokiyar aikinta suka yi musayar lokacin aiki, ta karɓi na dare a madadin na yamma don kada ta rasa darasin dokar kwantiragi. Ta iso ta tarar da aji a kulle. Aka sa ramuwar laccar bayan azahar a ranar aiki, ba ta samu zuwa ba, aka rubuta ta cikin waɗanda ba su halarta ba. Ta yi aikin dare, ta rasa darasi, kuma adadin halartarta ya ragu, alhali da wannan adadi ake yanke wanda zai shiga jarrabawa. Ba ita kaɗai ba ce, kuma ba sau ɗaya ba ne.

Ofisoshin tsangaya suna rufewa daidai lokacin da muke tashi daga namu ofisoshin. Sa hannu ɗaya a takardar rajista, ko gyaran makin da aka shigar ba daidai ba, sai mutum ya nemi izinin rabin yini. Ɗakin karatu yana rufewa jim kaɗan bayan laccar ƙarshe, kuma kundayen rahoton shari'o'i ba a ba da aronsu. Rumbun hukunce-hukunce na intanet da makaranta ke biya wa kuɗi ba ya buɗuwa sai a kwamfutocin harabar makaranta. Kuɗin ɗakin karatu kuwa daidai da na ɗaliban rana muke biya. Gasar kotun gwaji, mujallar ɗalibai, ziyarar ofisoshin lauyoyi masu neman sabbin ma'aikata, duk da rana ake yi, sai dai mu ga hotuna.

Mun ji abin da wasu ke cewa, har a cikin tsangaya: taura biyu ba ta taunuwa, wanda ke son zama lauya ya ajiye aiki ya fuskanci karatu. Maganar tana da nauyi, domin lauya maras ƙwarewa yana iya jawo wa mutum asarar dukiya ko 'yanci. Saboda haka muke cewa a ba mu tambayoyin da suka kai na ɗaliban rana tsauri, malamai ɗaya su yi makin, kada a ɗaga wa kowa ƙafa. Amma a tuna cewa karatun ma'aikata ba baƙon abu ba ne a wannan fanni. Kwalejin Birkbeck da ke Landan tun 1823 aka kafa ta domin masu aiki, kuma har gobe an san ta da karatun yamma. Jami'ar Landan ta buɗe digirinta ga waɗanda ba sa zaman aji tun 1858. Makarantar shari'a ta Georgetown a birnin Washington da azuzuwan yamma ta fara a 1870. Warren Burger, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Amurka daga 1969 zuwa 1986, da rana yana aiki a kamfanin inshora, da dare yana ajin shari'a, har ya kammala a 1931.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ta fi kama da halin da muke tsoro. Harry Truman ya yi karatun shari'a na dare a birnin Kansas kafin ya zama shugaban Amurka, bai kai ƙarshe ba. Nelson Mandela ya shiga karatun shari'a a Jami'ar Witwatersrand a 1943 yana aikin akawu a ofishin lauyoyi a Johannesburg, ga talauci, ga wariyar launin fata, ga gwagwarmaya. Ya bar jami'ar ba digiri. Ta wata hanyar ya samu izinin aikin lauya, digirin kuwa sai a 1989 ya same shi daga Jami'ar Afirka ta Kudu mai koyarwa daga nesa, yana tsare. Ba wanda zai ce waɗannan mutane ba su da ƙwaƙwalwa ko himma. Idan irinsu suka yi tuntuɓe, mai ƙaramin ƙarfi da aka ƙara wa shinge fa?

Kuma waɗanda za su fara zubewa an san su: matan da ke haɗa aiki da raino, waɗanda ba su da iyayen da za su ɗauki nauyinsu, da waɗanda sai da suka girma dama ta zo musu. Fannin shari'a zai yi asararsu. Ɗan sandan da ya zauna ya karanci dokar shaida da haƙƙin wanda ake tuhuma, gobe ba zai ɗauki bayani yadda ya saba ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta zama lauya ta san abin da ke faruwa a ɗakin marasa lafiya da tsakar dare fiye da duk wanda ya karanta shi a littafi. Malamanmu da kansu sun sha faɗa cewa tambayoyin ajin yamma daga rayuwa suke fitowa.

Ba mu ɗora wa tsangaya dukkan nauyin ba. Wani ɓangaren na wuraren aikinmu ne. Tun 1974 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya kan hutun karatu mai albashi, kuma a yawancin jihohin Jamus ma'aikaci yana da haƙƙin kwana 5 a shekara don ƙaro ilimi. Mafi yawanmu ba mu da irin wannan gata, sai abin da shugaba ya ga dama. Shi ya sa takarda mai hatimin makaranta, da ta zo da wuri, take da tasiri ƙwarai a hannunmu.

Ga abin da muke roƙo. A janye hukuncin haɗa jarrabawa, a mayar da tamu yamma ko ƙarshen mako. Idan tsoron fitar tambayoyi ne, a sa ɗaliban rana da na yamma su zauna lokaci guda a ƙarshen mako, tunda su ba su da ofishin da za su nemi izini. Idan masu sa ido ne suka yi kaɗan, a faɗa mana abin da ake buƙata mu tattauna. A buɗe ɗakin taimakon shari'a da yamma aƙalla wasu ranaku a mako, a tattara halartar kotu cikin kwanaki a jere, a kuma kafa hanyar da malami zai duba aikin waɗanda ke ma'aikatun da suka shafi shari'a ya ƙidaya musu abin da ya cancanta.

Muna roƙon a fitar da jadawalin shekara gaba ɗaya, har da ranakun jarrabawa, kafin a buɗe rajista, kuma in an fitar a tsaya a kansa. Duk laccar da aka ɗage, a rama ta a lokacin yamma, ko a naɗi muryar malami a ba mu, kuma kada a rubuta rashin halarta ga wanda aka sauya wa lokaci. Ofishin magatakarda ya ware yamma ɗaya a mako ya kai dare kaɗan. A ƙara wa ɗakin karatu awa biyu bayan laccar ƙarshe, a ba mu damar shiga rumbun hukunce-hukunce daga gida da lambar sirri. A tanadi wasiƙa ta hukuma mai nuna ranakun jarrabawa wadda kowane ɗalibi zai kai wurin aikinsa tun farkon zango. A sauƙaƙa dakatar da karatu na zango guda ga wanda aka yi wa canjin wurin aiki ko ya haihu ko ya yi jinya, ba tare da an ci shi da wa'adi ba. Sannan a ba ajin yamma kujera a kwamitin tsara jadawali, a kuma riƙa zaman kwamitin a lokacin da wakilinmu zai iya zuwa.

Daga ƙarshe, Ranka ya daɗe, muna neman ka ba mu lokaci mu zauna da kai da yamma, kafin a rufe rajista. Akwai 'yan ajinmu, ciki har da waɗanda shekara ɗaya ta rage musu, da suka riƙe kuɗin makarantarsu a hannu ba su biya ba, suna jiran su ji ko jadawalin zai bar su su ci gaba. Muna roƙon amsa a rubuce kan batun jarrabawa da na darasin koyon aiki kafin wannan rana, domin kowa ya san abin da zai gaya wa shugabansa a wurin aiki da kuma iyalinsa.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Ɗalibinka,
a madadin ɗaliban ajin yamma.